Yadda ake kafa ƙungiyar masu sana'a a Zariya, daga zaman farko har zuwa rajista

Na yi shekaru ina riƙe da littafin wata ƙungiyar teloli a Sabon Gari, shi ya sa har yanzu ba a wata guda wani bai tsaya a ƙofar shagona ba, makanike ne ko mai gyaran waya ko ɗan kasuwar hatsi, ya ce, "Malam, mu ma muna so mu yi rajista, ta ina ake farawa?" Nakan ba shi kujera, in ce ya ajiye maganar rajista tukuna. Takardar shaida ita ce kusan ƙarshen aikin. Na ga ƙungiyoyi masu satifiket rataye a bango cikin gilashi, amma rabonsu da taro tun ranar da aka karɓo shi. Abin da ke riƙe ƙungiya littafinta ne: wa ya biya, nawa ya biya, me aka yanke, wa ya sa hannu.

Haɗin kan masu sana'a tsohon abu ne a ƙasar Zazzau. Mahauta na da Sarkin Pawa, maƙera na da Sarkin Maƙera, wanzamai na da Sarkin Aska, magina kuwa sun yi Babban Gwani Muhammadu Durugu, wanda ya gina masallacin Juma'a na cikin birni a ƙarni na 19. Waɗannan sarakunan sana'a su ke raba gardama tsakanin 'yan sana'a, su tsawata wa mai algus, su kai kuka fada. Ƙungiyar zamani aikin nan take yi, sai dai yau wanda za a kai wa kukan yana son ya ga takarda da hatimi. Kuma tasirin bai tsaya a unguwa ba. Mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka sa wa hannu a 2024, da matsin ƙungiyoyin ƙwadago, NLC da TUC, aka same shi. Duk wanda ya zaga Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru ko Kongo zai ga gine-gine masu rubutun TETFund, asusun tallafa wa manyan makarantu, a jiki. Asalin asusun nan harajin ilimi ne da aka kafa a 1993 bayan yarjejeniyar gwamnati da ƙungiyar malaman jami'o'i, ASUU, ta 1992. Da aka ƙaddamar da shirin bashin manoma na Babban Banki a Kebbi a 2015, ta hannun ƙungiyoyi irin ta manoman shinkafa, RIFAN, aka bi. Gwamnati ba ta iya zama da mutum ɗaiɗai, da ƙungiya take magana.

Ku fara da abin da ke ci muku tuwo a ƙwarya

Ku zauna ku biyar ko bakwai, waɗanda suka san juna a sana'a, ku faɗi matsala biyu ko uku da ba wanda zai iya magancewa shi kaɗai. Mu tamu uku ce: masu karɓar haraji kala-kala da ke zuwa da rasit iri-iri, yaran shago da ke gudu daga wannan maigida zuwa wancan ana gab da sallah, da kuma tsadar zare da kayan keke idan kowa ya saya shi kaɗai. In kuka rasa abin faɗa ban da "mun ji za a raba tallafi", to ku dakata. Ƙungiyar da aka kafa don jiran tallafi, ranar da aka raba take mutuwa, ko kuma ranar da aka gane ba za a raba ba.

Sannan ku bincika ko akwai wadda ta riga ku. Direbobi na da NURTW, makanikai na da NATA, masu kemis na da NAPPMED, manoma na da AFAN. Sau da yawa buɗe reshe a unguwarku ya fi sauƙi da ƙarfi bisa kafa sabuwa, kuma yana hana rigimar "mu ne na asali".

Ku san irin ƙungiyar da kuke so

Nan mutane da yawa ke yin tuntuɓe, domin a bakinmu duk "ƙungiya" ce, a wurin doka kuwa kowace da ƙofarta.

Idan nufinku ku tara kuɗi, ku sayo kaya a sari, ku ba juna bashi, a ƙarshen shekara a raba abin da ya hau, to ƙungiyar gama-kai kuke so. Ita a hannun ofishin kula da ƙungiyoyin gama-kai na jiha ake mata rajista, kuma dokar tarayya ta 1993 ta ce a samu aƙalla mutum goma. Ta fi dacewa da manoma, masu sarrafa gyaɗa da shinkafa, da matan da suka daɗe suna adashi suna so su ɗaga shi gaba.

Idan nufinku kare martabar sana'a ne, da taimakon juna, da samun murya ɗaya gaban hukuma, to rajistar amintattu, wato waɗanda za su riƙe dukiyar ƙungiya da sunanta, za ku yi a Hukumar Rajistar Kamfanoni, CAC, ƙarƙashin dokar kamfanoni ta 2020. Ku riƙe wannan da kyau: irin wannan ƙungiya ba a raba wa mambobi ribarta. Duk abin da ta samu, kan manufofinta ake kashewa.

Ƙungiyar ƙwadago daban ce, ta ma'aikata ce masu ubangida da albashi, rajistarta na ma'aikatar ƙwadago ta tarayya, kuma ana buƙatar ma'aikata hamsin. Hukumomin da ke ba da lasisin aiki, kamar COREN ta injiniyoyi ko majalisar likitoci, dokar ƙasa ce ta kafa su, ba a kafa irinsu a zaure. Katin ƙungiya bai zama lasisi ba. Mai kemis ko da ya biya kuɗin ƙungiya na shekara goma, sai ya nemi izinin hukumar harhaɗa magunguna.

Zaman farko

Ku sa rana da ba ta kasuwa ba. Mu bayan la'asar ranar Juma'a muka zaɓa, lokacin da yawancin shaguna ke sassautawa. Wurin ya zama na kowa, kamar ajin makarantar firamare ko rumfar kasuwa, kada ya zama gidan attajirin cikinku, don daga ranar za a fara cewa ƙungiyar wane ce. Ku gayyaci kowa, har wanda ba ku shiri da shi. A Sabon Gari sana'a ba ta san ƙabila ba, akwai Bayarabe da Ibo da mutanen kudancin Kaduna a layi ɗaya, to a buɗe taro a rufe ta yadda kowa zai ji da shi aka yi. In akwai mata a sana'ar, a tambaye su lokacin da za su iya zuwa kafin a tsayar da rana. Da yawa cikin masu ɗinkin hula da surfani a cikin birni daga gida suke aiki, sai a ba su wakiliya da suka zaɓa da kansu.

Tun ranar a sayi manyan littattafai biyu masu bangon kwali. Ɗaya na sunaye da bayanan taro, ɗaya na kuɗi. A sa wa shafuka lamba da biro daga farko har ƙarshe, don kada a yage shafi ba a sani ba. Kowa ya rubuta sunansa, inda shagonsa yake, lambar waya, ya sa hannu ko ya dangwala. A naɗa shugabannin riƙo, shugaba da sakatare da ma'aji, na wata uku zuwa shida kawai, a rubuta ranar da riƙon zai ƙare.

Kundin tsarin mulki

Kada ku ari na wasu ku canza suna. A sa mutum uku su rubuta, a karanta shi a taro da Hausa sashe-sashe, kowa ya tofa albarkacin bakinsa. In za a kai CAC, lauya zai mayar da shi yadda hukuma ke so, amma ma'anar taku ce. Suna da manufa da adireshi kowa na tuna su. Abubuwan da ake mantawa su ne ke kawo rigima daga baya: wa'adin shugabanni shekara nawa ne, sau nawa mutum zai iya maimaitawa, mutum nawa za su hallara kafin hukuncin taro ya hau kan kowa, yadda ake cire shugaban da ya ci amana, nawa shugaba zai iya kashewa ba tare da izinin taro ba, wanda ya yi wata nawa bai biya ba zai rasa ƙuri'a, me ake ba mamba in gobara ta ci shagonsa, ko ya kwanta asibiti, ko ya rasu, kuma wa ake miƙa wa.

A lokacin da ake rubutun kowa na ganin ba sai an faɗi waɗannan ba, ai duk 'yan'uwa ne. Wani dattijo a cikinmu, da aka zo maganar cire shugaba aka fara kawar da kai, ya ce, "Yarana, ku rubuta yanzu da kuke dariya. Ranar da kuka ɓata, ba mai yarda da alƙalamin wani." Aka rubuta, kuma bayan shekara huɗu sashen nan ne ya raba mu da fitina.

Mu mun ƙara sashe kan yaran shago: shekarun koyo, abin da maigida zai riƙa ba yaro, da cewa ba mai karɓar yaron wani sai da sallamar maigidansa na farko, haka kuma maigida ba zai riƙe yaro bayan ya ƙware don kawai yana cin guminsa ba. Kowace sana'a na da irin nata ƙaiƙayin.

Kuɗi

A nan zan daɗe, don ban taɓa ganin ƙungiyar da ta watse saboda rashin manufa ba, duk ta bakin kuɗi suke tafiya.

Ku sa kuɗin wata da mafi ƙarancin samu a cikinku zai iya biya ba tare da ya ji a jikinsa ba. Naira 500 da kowa ke biya ta fi naira 5,000 da mutum shida ke biya, domin shidan nan su za su mallake ƙungiyar. A buga rasit mai lamba, mai kwafi biyu. Ko naira hamsin ce, ba rasit ba biya. Mai karɓa daban, mai ajiya daban, mai rubutawa daban: sakataren kuɗi ya karɓa ya yanka rasit, ma'aji ya sa hannu ya karɓa daga gare shi, a kai banki cikin kwana biyu da zarar an buɗe asusu. A kowane taro, kafin a shiga wata magana, ma'aji ya miƙe ya karanta abin da ya shigo, abin da ya fita, abin da ya rage, a zagaya da takardar banki kowa ya gani da idonsa. A zaɓi masu binciken kuɗi biyu da ba sa cikin shugabanni, su duba littafi duk wata uku.

Mun koyi wannan da tsada. A shekararmu ta biyu kuɗinmu na hannun mutum ɗaya, mutumin kirki, mai sallah a sahun gaba, ba wanda zai iya buɗe baki ya ce a kawo lissafi. Da azumi ya kama aka ce a fito da kuɗi a sayo zare a Kano, sai ya sunkuyar da kai. Ba sata ya yi niyya ba. Matarsa ce ta yi doguwar jinya, ya taɓa da niyyar mayarwa, ya sake taɓawa. Na tuna yadda ya cire hularsa ya riƙe a hannu yana juya ta, ya kasa ɗaga ido. Laifinmu ya kai nasa, mu muka bar shi shi kaɗai da kuɗin mutane da lalurar gida. Ya biya a hankali cikin shekara guda, amma mutum tara sun fita ba su dawo ba.

Idan za ku riƙa ba da bashi, ku yanke tun farko cewa ba ruwa a ciki, tunda yawancinmu ba za mu taɓa kuɗin ruwa ba. Ko a ba da rance a mayar da daidai abin da aka karɓa, da masu tsayawa biyu daga cikin mambobi, ko ƙungiya ta sayi kayan, kamar keke ko janareta, ta sayar wa mamba da sanannen ƙari ya biya kashi-kashi. Ku tambayi malamin da ya san fiƙihun ciniki kafin ku rubuta. Kuma asusun taimako ya zauna daban da na bashi, kada a wayi gari an yi rasuwa a tarar duk kuɗin na hannun mutane.

Gaisuwa da gabatar da kai

Bayan kun yi wata shida kuna taro kuna biya, littafi ya fara cika, sai ku fita. A fara da mai unguwa da Sarkin Kasuwa ko shugabannin kasuwar da kuke, sannan hakimi. In sana'arku na da sarauta, kada ku tsallake mai ita, ku je ku ce, "Ranka ya daɗe, 'ya'yanka ne suka haɗa kai, mun zo neman albarka." Wanda aka tsallake yau, gobe shi za a tambaya ko ya san ku. Daga nan sai sakatariyar ƙaramar hukuma, sashen da ke kula da walwala da ci gaban al'umma. Ku lura garin nan ƙananan hukumomi biyu ne: mai shago a Tudun Wada ko cikin birni yana ƙarƙashin Zariya, na Samaru da Muciya da kasuwar Sabon Gari yana ƙarƙashin Sabon Gari. In mambobinku sun ratsa duka biyun, ku gabatar da kanku a duka. Ku tafi da kwafin tsarin mulki, jerin mambobi da bayanan taron da aka zaɓi shugabanni. Duk abin da kuka biya, ku karɓi rasitin gwamnati.

Wajen zaɓen uban ƙungiya, ku nemi dattijon da ake jin maganarsa. Ɗan siyasa mai neman kujera zai ba ku kujerun roba da lasifika, amma zai raba muku kai kafin zaɓe ya wuce.

Rajistar CAC

Yanzu ta intanet ake yin ta. Za ku iya da kanku, amma lauya ko wakilin da hukumar ta amince da shi ya fi sanin inda ake maido da takarda. Ku yi jinga da shi a rubuce, a ware kuɗin hukuma da na jarida da ladansa.

Da farko taro zai zaɓi amintattu, aƙalla biyu, mu biyar muka sa. Su ne za su riƙe dukiyar ƙungiya da sunanta, fili ko shago ko mota, su ne ke kai ƙara kuma su ake kai wa. Doka ta hana yaro, da wanda kotu ta tabbatar ba shi da hankali, da wanda aka ayyana ya karye da bashi bai farfaɗo ba, da wanda aka yanke wa hukuncin zamba ko rashin gaskiya cikin shekara biyar da suka wuce. Shawarata kada amintattu su zama su ne shugabannin gudanarwa, don wani ya riƙa duba wani.

Sai a nemi amincewar hukuma kan suna. Ku tanadi biyu ko uku, don za a ƙi wanda ya yi kama da na wasu ko mai nuna kamar hukumar gwamnati ce. In an amince, sai a buga sanarwa a jaridu biyu na kullum, ɗaya aƙalla ta ƙasa baki ɗaya, da sunan ƙungiya da manufofinta da sunayen amintattu. Daga nan a jira kwana 28, ko wani na da ƙorafi. Ku sayi jaridun ranar ku adana. Sannan a shigar da tsarin mulki, bayanan taron da aka naɗa amintattu da sa hannun shugaba da sakatare, hotunansu, katin shaida mai lambar NIN, da takardar rantsuwar kowannensu. Ku duba harafi-harafi cewa sunan da ke jarida shi ne ke kan katin. Muhammad a nan, Mohammed a can, ya isa ya mayar da ku baya da makonni, har a sake biyan kuɗin jarida.

In satifiket ya fito, aiki bai ƙare ba. Ana shigar da rahoton shekara-shekara, in an bari tara na taruwa. In amintacce ya rasu ko an canza shi, sai an sanar da hukuma. Sakatare ya rubuta wannan a bangon littafi don na bayansa.

Asusun banki

Da sunan ƙungiya, kada a kuskura a yi da sunan mutum ko na kwana ɗaya ne. Banki zai nemi satifiket, tsarin mulki, takardar taron da ya amince a buɗe asusun, lambar haraji, da BVN na masu sa hannu. Galibi suna neman shaidar SCUML, sashen yaƙi da halasta kuɗin haram da ke ƙarƙashin EFCC. A sa masu sa hannu uku, kuɗi ba ya fita sai biyu sun sa. Saƙon shiga da fitar kuɗi ya riƙa zuwa wayar fiye da mutum ɗaya. Mai gudun ruwa akwai bankunan da ba sa mu'amala da shi, irin su Jaiz da TAJ.

Aikin da aka kafa ta dominsa

Ku koma kan matsalolin nan na zaman farko, ku ɗauki ɗaya ku gama ta cikin wata shida, mambobi su ga amfanin kuɗinsu. Mu haraji muka fara da shi. Muka tattara duk rasitan da aka taɓa yanka mana, muka rubuta wasiƙa da hatimi zuwa hukumar tara haraji ta jiha da ƙaramar hukuma, muka nemi a ba mu jerin abin da doka ta ɗora wa mai shago. Muka yi kwafi, kowa ya manna a bango. Daga ranar mai zuwa da baƙon rasit ya rage.

Zariya na da abin da garuruwa da yawa ba su da shi. Cibiyar binciken aikin gona, IAR, da ta faɗakar da manoma, NAERLS, suna Samaru. Cibiyar fasahar fata, NILEST, ita ma tana nan. Ga cibiyar fasahar sufuri, NITT, ga Kwalejin Nuhu Bamalli. Mutum ɗaya in ya je neman horo zai tsaya a bakin ƙofa, amma wasiƙar ƙungiya mai mambobi tamanin ana karanta ta. Haka rajista da hukumar ƙananan masana'antu, SMEDAN, ko neman rumfa ɗaya ta haɗin gwiwa a kasuwar baje koli ta Kaduna da ƙungiyar 'yan kasuwa ta Kaduna, KADCCIMA, ke shiryawa.

Akwai kuma iyaka. Sashe na 40 na tsarin mulkin 1999 ya ba kowa 'yancin shiga ƙungiya, don haka ba a tilasta wa mutum. Ba ku da ikon kulle shagon wanda ya ƙi shiga, ko kwashe masa kaya, ko hana baƙo sauke hajarsa a kasuwa. Haɗa baki a ƙayyade farashi ko a ɓoye kaya don ya yi tsada, dokar gasa da kare masu saye ta 2018 ta hana, addini ma ya riga ta hanawa. Wannan na ɓata mini rai ƙwarai in na gani, don talakan da ake matsa wa maƙwabcinmu ne, kuma shi ke sa mutane su riƙa kallon kowace ƙungiya a matsayin 'yan tare hanya. Hukuncinku ya tsaya kan wanda ya sa hannu ya yarda da dokokinku: gargaɗi, tara, dakatarwa, kora. Abin da ya wuce haka na hukuma ne.

Zaɓe da miƙa ragama

Wata guda kafin wa'adi ya cika a naɗa kwamitin zaɓe daga waɗanda ba sa takara, a liƙa sunayen masu ƙuri'a, wato waɗanda suka biya. A yi da takarda a ɓoye. Ɗaga hannu na sa yaro ya kasa saɓa wa maigidansa. A ƙirga a gaban kowa. Masu binciken kuɗi su karanta rahotonsu kafin a jefa ƙuri'a.

Ranar miƙawa a kawo komai kan tebur: littattafan nan biyu, ragowar rasit, hatimi, satifiket, takardun banki, makullin ofis, har da kalmar sirrin shiga shafin CAC da layin wayar da aka yi rajista da shi. A rubuta su ɗaya bayan ɗaya, mai fita da mai shiga su sa hannu, amintattu su shaida. Washegari da safe tsofaffi da sababbin masu sa hannu su tafi banki tare, da takardar taron zaɓe, a canza sunaye.